Ga ƙanwata mai son binciken ciwon daji daga Garwa ko Marwa

Ƙanwata, idan kin ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a sashen kimiyya na C ko D, kuma ranki ya kwanta da biyoshimi, wato ilimin sinadaran da ke aiki cikin jikin mai rai, har kina burin zama mai binciken ciwon daji, to ki fara da ƙidayar shekaru. A takarda takwas ne: lisans uku, mastar biyu, doktora uku. A zahiri doktorar da ake yi da gwaje-gwaje takan ci shekara biyar ko fiye, don kayan aiki ba sa zuwa lokacin da aka so. Ki sanar da mutanen gida wannan tun da wuri, kada a shekara ta shida a fara tambayarki yaushe karatun nan zai ƙare.

Matakin lisans ba ya buƙatar dogon bayani. A arewacin Kamaru, Jami'ar Ngaundare tana da tsangayar kimiyya a Dang, ga Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, ga ta Garwa da ta samu a 2022. 'Yar Cadi kuma tana da Jami'ar Njamena, wadda ke nan tun 1971. Ko'ina kika shiga, abu uku za ki riƙe da hannu biyu: ilimin enzim (furotin da ke hanzarta aikin sinadarai a jiki), ƙididdiga, da karatun Turancin Ingilishi, domin kusan duk mujallun fannin da shi ake rubuta su, ko da kuwa da Faransanci kika yi makaranta. Sai lissafin tsarma sinadari, wanda ɗalibai ke rainawa har ranar da ya kunyata su. Ga misali. Kin narka tsamen ganye a DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, miligiram 10 a kowace mililita, kina son maikurogiram 100 a mililita ɗaya ta ruwan renon sel, wato ƙananan ƙwayoyin da suka gina jiki. Lissafi ya ce ki ɗebi maikurolita 10 ki zuba a 990. Lissafin daidai ne, amma gwajin ya lalace, domin DMSO ɗin ya kai kashi 1 cikin 100, shi kansa yana iya illata sel, alhali ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce rabin kashi ɗaya. Gyaran shi ne ki narka miligiram 20 a kowace mililita tun farko, ki ɗebi maikurolita 5. Wadda ta iya hango irin wannan tun a shekara ta uku ta fi mai haddace littafi.

Inda ake yin rabo shi ne zaɓen batun mastar ta biyu, don galibi shi ke binki har doktora, har ma bayan nan. Shawarata a nan ba ta da kwana: ki ɗauki tambayar da ke ƙofar gidanku. A yankinmu ita ce kansar hanta, da abubuwa biyu da ke haɗa kai su haifar da ita, ƙwayar cutar hanta nau'in B da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara.

Gubar sunanta aflatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil ce sanadi. Fumfunar da ke yin ta, Aspergillus flavus, tana son zafi, tana kama gyaɗa tun a ƙasa idan ruwa ya ɗauke gab da girbi, tana kuma ci gaba a rumbu idan an zuba amfanin gona bai bushe ba. Mafi muni cikin dangin ita ce B1. Abin da zai ja hankalin mai biyoshimi shi ne, gubar kamar yadda aka ci ta ba ita ke ɓarna ba. Hanta ce da kanta, ta hanyar enzim ɗin sitokurom P450, take juya ta zuwa wani sinadari mai saurin manne wa guwanin, wato harafin G, a jikin DNA. Idan ba a gyara wurin ba, harafin G yakan koma T. A 1991 aka nuna cewa a kansar hanta ta mutanen kudancin Afirka da wani yankin Sin, wannan canjin yana yawan faɗawa wuri guda, a kodon (rukunin haruffa uku) na 249 na ƙwayar gadon TP53, wadda aikinta shi ne tsayar da sel ɗin da ya lalace kafin ya ci gaba da haihuwa. AGG ta zama AGT, tubalin furotin arjinin ya zama serin, mai gadi ya daina gadi. Wani bincike da aka yi a Shangai, aka buga a 1994, ya nuna mai ɗauke da ƙwayar B kaɗai haɗarinsa ya ninka kusan sau 7, mai alamar gubar kaɗai sau 3 da ɗoriya, wanda ya haɗa biyun kuwa kusan sau 60.

To ki duba abin da muke ci. Miyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa da ake dama wa mai jego da yaron da aka yaye, tuwon masara, man da aka matse a gida. Sannan ga al'adar da kowa ya sani: gyaɗa mai kyau ta tafi kasuwa, wadda ta motse ko ta canza launi a niƙa ta a gida, wai kada a yi asara. Wuta ba ta kashe wannan gubar, suya da tafasa ba sa gamawa da ita. Babu wata jami'a a Faransa ko Amurka da ke da wannan fagen a hannunta kamar yadda kike da shi. Su suna da injuna, ke kina da samfur da harshen mutane. A kan wannan ake ƙulla haɗin gwiwa na mutunci, irin doktorar da ake raba kulawarta tsakanin jami'o'i biyu.

Amma samfur ba ya da daraja sai an ɗauke shi yadda ya kamata, kuma a nan ne tez da yawa, wato kundin binciken digiri, ke rushewa tun kafin a kunna wani inji.

Ɗauki gyaɗa. Gubar ba ta bazuwa daidai cikin buhu. Ƙwaya ƙalilan ce ke ɗauke da kusan dukkanta, sauran lafiya lau. Idan kin damƙi hannu ɗaya daga bakin buhu, sakamakon caca ne: ko ya nuna babu komai, ko ya nuna abin da zai firgita gari. Shi ya sa ƙa'idar Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ta nemi a tara kilo 20 daga wurare daban-daban na kayan da ake dubawa. Ɗaliba ba za ta iya sayen kilo 20 daga kowane rumbu ba, amma za ta iya ɗiba daga sama, tsakiya da ƙasa, daga buhuna da yawa, ta niƙe duka, ta cakuɗa sosai, sannan ta auni ɗan abin da za ta tsamo gubar daga ciki da metanol mai ƙarfin kashi 70. Ta rubuta nauyin da ta tara a cikin rahotonta, domin mai karatu ya san iyakar abin da lambar ke nufi. A wanke injin niƙa tsakanin samfur da samfur, in ba haka ba rumbun Malam wane ya shafa wa na maƙwabcinsa laifi. A ajiye tsamen a kwalba mai duhu, don haske yana lalata gubar. Don kwatanci, Codex ta sa iyakar maikurogiram 15 a kilo ga gyaɗar da za a ƙara sarrafawa, Tarayyar Turai kuwa 4 ga wadda za a ci kai tsaye. Kayan da gubar ta taɓa a jiƙa su a ruwan javel, wato bilic, kafin wanki, kuma safar hannu ba ado ba ce.

Jini ya fi haka laushi. Akwai alamu biyu da ake yawan nema, kuma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Aflatoksin M1 a fitsari tana ba da labarin abin da mutum ya ci jiya da shekaranjiya. Wadda ta manne da furotin ɗin albumin a jini tana ba da labarin wata biyu zuwa uku. Saboda haka watan da kika ɗebi samfur yana cikin sakamakon: jinin da aka ɗiba bayan kaka daban yake da wanda aka ɗiba da damina, lokacin da ake cin ƙarshen rumbu. Idan kin ɗebi na marasa lafiya a Afrilu, na masu lafiya a Nuwamba, bambancin da za ki gani na iya zama na yanayi ne kurum.

Ki raba ruwan jinin cikin awa biyu, minti goma a injin juyawa, ki rarraba shi rabin mililita-rabin mililita a ƙananan bututu, don kada ki riƙa narkar da guda ki mayar. Ruwan da ya yi ja-ja, ƙwayoyin jini ne suka fashe, ko saboda zafi ko girgizar babur a kan hanya. Ki yi masa alama. Lambar samfur a rubuta da alƙalamin da sanyi da alkol ba sa gogewa, a kuma rubuta ta a littafi mai bango, ba a waya kaɗai ba. Idan kuma canjin kodon 249 kike nema a cikin jini, kamar yadda masu bincike suka nuna a Gambiya cewa ana iya yi, bututun EDTA, mai hana jini daskarewa, za ki yi amfani da shi, ki juya sau biyu cikin 'yan awoyi, tun fararen ƙwayoyin jini ba su fashe sun zubo da DNA ɗinsu ya rinjayi ɗan guntun da ƙari ya saki ba. Gwajin kansa ba ya da tsada sosai. Ana ninka ekson na 7, wato sashen TP53 da kodon 249 yake ciki, da PCR, dabarar kwafar DNA, a yanka da enzim HaeIII, wanda ke gane jerin GGCC. A DNA mai lafiya yana samun wurin yanka a 249. Inda G ta zama T wurin ya ɓace, sai guntun ya fito da tsawonsa a kan jel, inda ake ware guntayen DNA bisa tsawonsu. Tarkon a fili yake: enzim ɗin da ya sha zafi a hanya ya raunana ba zai yanka sosai ba, sai kowa ya fito kamar mai canji. Dole a kowane zagaye ki sa DNA da kika tabbata lafiyayye ne, kuma duk wanda ya nuna canji a tura a karanta jerin haruffansa kafin ki yi shela.

Yanzu ga hanyar da ta fi cika da jama'a, wato gwada tsamen tsirrai a kan sel ɗin kansa. Sabara, marke, hano, gwandar daji, maɗaci, duk an sha gwada su. Ba na raina fannin; maganin kansa binkiristin daga wani fure na Madagaska ya fito. Amma ki tuna taksol, shi ma maganin kansa: an ɗebi ɓawon itacen a 1962, aka gano siffar sinadarin a 1971, ba a amince da shi a matsayin magani ba sai 1992, kuma daga cikin dubban tsirran da aka tace ne ya tsira. Don haka jumlar "wannan ganye yana maganin kansa" ba ta da wuri a tez ɗin da abin da ya gani faranti ne. Ruwan javel ma yana kashe sel a faranti.

Idan nan kika nufa, ga yadda gwajin MTT, mai auna yawan sel masu rai, yake. Faranti mai ramuka 96, a kowane rami sel 5,000 zuwa 10,000, a bar su kwana guda su manne a akwatin reno mai zafin digiri 37 da iskar kabon kashi 5. Sannan a zuba tsamen a matakan ƙarfi daban-daban, a jira awa 48 ko 72, a sa MTT rabin miligiram a mililita na awa uku zuwa huɗu. Sel mai rai yana juya ruwan ɗorawan zuwa ƙanƙara mai launin shuni, a narka ta da DMSO, a auna ƙarfin launin da haske mai nanomita 570. Ramuka 36 na gefe sun fi saurin ƙafewa, balle da hunturu, don haka a cika su da ruwan gishirin gwaji, a yi aiki da 60 na tsakiya. Babban abin da ke ruɗar mutane shi ne tsirranmu masu ɗaci da bauri, masu yawan tanin, suna iya juya launin MTT da kansu ba tare da sel ba. Sai ki ga kamar sel suna ƙaruwa yayin da kike ƙara guba. Maganinsa ramin da aka sa tsame da MTT ba sel, a kuma wanke sel kafin a zuba MTT, ko a tabbatar da wani gwajin kamar SRB. Faransanci na kiran irin waɗannan ramukan kwatanci "temuwan", wato shaida, kuma sunan ya dace: shaidar DMSO kaɗai, shaidar magani sananne irin doksorubisin, shaidar sel marasa kansa don a ga ko tsamen yana bambancewa ko kowa yake kashewa. Ramuka uku a faranti ɗaya ba maimaici uku ba ne. Maimaici shi ne a sake gwajin a ranaku uku daban.

Ki kuma san sel ɗin da ke hannunki. HepG2, wanda kowa ke kira sel ɗin kansar hanta, daga wani yaro ɗan shekara 15 aka samo shi, kuma daga baya aka gane nau'in ƙarin na yara ne, TP53 ɗinsa ma lafiya yake. Mai nazarin aflatoksin ta fi kusa da PLC/PRF/5, wanda ke ɗauke da canjin 249 kuma yana fitar da furotin ɗin ƙwayar B. Sel ɗin da ake kira "hantar Chang" kuwa an daɗe da gano HeLa ne, sel ɗin kansar bakin mahaifa, ya mamaye shi. Duk kwalbar da aka ba ki kyauta daga wani labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ki tambayi asalinta, ki gwada ta ko tana da maikoplasma, ƙwayar da ba ta gurɓata ruwa ido ya gani amma tana sauya sakamako.

Duk wannan yana rataye ne a wuyan lantarki. Wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar Lagdo a kan Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya da rani, lokacin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, lokacin ne aka fi ɗauke ta. Firizar da ke riƙe digiri 80 ƙasa da sifiri ba ta jure ɗaki mai zafi, ƙurar hunturu kuma tana toshe mata mataci, don haka a riƙa share shi. Kada a buɗe ta idan an ɗauke wuta. Ki raba samfuranki gida biyu a firiza biyu da ba layi ɗaya suke ba. Wata dabara mai araha: ki daskarar da rabin bututun ruwa a tsaye, ki ajiye shi a kife, ranar da kika tarar ƙanƙarar ta sauko, kin san an narke a bayan idonki. Enzim da sauran kaya masu son sanyi ta Duwala ko Yawunde suke biyowa, sannan jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundare, sannan mota. Ki yi oda wata uku kafin buƙata, ki gwada kowane sabon kaya da samfurin da kika san amsarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba zai yiwu a nan ba, a tsara shi cikin 'yan watannin da za ki yi a labon waje. Cibiyar binciken lafiya ta Pasteur tana da reshe a Garwa, cibiyar binciken noma ta IRAD tana aiki a kan amfanin gona a yankin, ga kuma makarantar injiniyoyi ta ENSAI a Ngaundare ta fannin sarrafa abinci. Ki san mutanensu tun kina mastar.

Kafin ki taɓa jinin kowa, sai da takardar kwamitin ɗa'ar bincike da izinin hukumar lafiya. Mujallar kirki ba ta karɓar aikin da ba shi da lambar wannan takardar, kuma ba a bayar da ita bayan an gama. Bayanin neman yarda a yi shi da harshen da mutum ke ji, Hausa, Fillanci ko Larabcin Shuwa. A nan kasancewarki mace riba ce, don ke ce za ki shiga cikin gida inda ake ɓarar gyaɗa da soya ƙuli, ki ji gaskiyar abin da ake yi da ta banza. A gaida maigida a sanar da shi, haka ladabi ya ce, amma yardar matar daga bakinta za ta fito, ba daga nasa ba. Ki kuma shirya tun farko inda za ki tura wanda gwaji ya nuna yana da ƙwayar B. Ɗibar jinin mutum a tafi a bar shi da jin tsoro ba bincike ba ne.

Bayan kare tez sai hawa matakala. A Kamaru ana fara da asistan, sai sharje-da-kur, sai metir-da-konferans, sai farfesa, kuma kwamitin jami'o'i na CCIU ke duba fayil ɗin ƙarin girma. Cadi tana bin tsarin CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, mai hedikwata a Wagadugu, inda mataki na biyu ake kiransa metir-asistan. A duka biyun, maƙalun da aka buga da ɗaliban da aka kula da su ne ake ƙirgawa. Wannan ne ke tura mutane ga mujallun 'yan damfara, masu aiko da wasiƙar yabo su buga cikin mako guda idan an biya. Ki duba ko mujallar tana cikin rumbunan mujallu na PubMed ko Scopus kafin ki aika. Maganar jerin sunaye kuma a yi ta a rubuce ranar da aka fara aiki: wanda ya yi gwajin da rubutun shi ne na farko, mai kula da aikin na ƙarshe. Ɗalibai mata sun fi jin nauyin tayar da wannan zancen a gaban malami, kuma su suka fi tsintar sunansu a tsakiya.

Aure da haihuwa za su faɗo cikin waɗannan shekarun, babu amfanin yin kamar ba haka ba. Sel ba su san Asabar da Lahadi ba, kowane kwana biyu ko uku suna son sabon ruwa, don haka mijin da zai fahimci dalilin zuwa labo ranar hutu yana cikin kayan aiki. Hutun haihuwa a dokar ƙwadagon Kamaru mako 14 ne. Kafin ki tafi ki daskarar da sel ɗinki a ruwan naitirojin, ki bar littafin aiki yadda wani zai iya karantawa. Da zarar kin san kina da ciki, ki janye hannu daga aflatoksin tsantsa, da magungunan kansa irin doksorubisin da sisplatin, da etidiyom buromaid na jel. Watannin nan a yi ƙididdiga da rubutu, aikin da dama ake ta ɗagawa.

Kuɗi kuwa daga waje suka fi zuwa. Ƙungiyar OWSD tana ba matan ƙasashe masu tasowa tallafin doktora a fannin kimiyya, shirin L'Oréal da UNESCO yana da kyautar matasan masu bincike na Afirka kudu da Sahara, ga TWAS, AUF da DAAD, ƙungiyoyi masu ba da tallafin karatu, ga kuma IARC, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya a birnin Liyon, mai karɓar masu neman horo. Farfesa Rose Leke, masaniyar garkuwar jiki 'yar Kamaru, ta yi fice wajen jan ƙananan mata masu binciken lafiya a jiki, kuma irin wannan da'irar ce ke sanar da mutum tallafi tun ba a rufe ba. Da yawa daga cikin tallafin suna da iyakar shekarun haihuwa ko na bayan doktora, saboda haka ki karanta sharuɗɗan shekara guda kafin ki nema, ki tambaya a rubuce ko suna rage lokacin haihuwa daga lissafi. Fasfo, takardun sakamako da aka fassara zuwa Turanci, da wasiƙun malamai biyu su kasance a shirye a cikin jaka ɗaya, domin wasu sanarwar mako uku ko huɗu kawai suke bayarwa.